Jan Fenti a Komin Shanun Baba

A zauren gidanmu na Fakku akwai wani ƙyaure da ya ƙi tsufa. Ni furfura ta kama ni har cikin hanci, haƙoran gefen dama sun yi mini sallama sun tafi, amma shi yana nan kamar jiya aka rataya shi. Daminar da ta ci katangarmu ta gabas ta zo ta same shi, ta yi ta marinsa har ta gaji. Gara ta cinye azarar ɗakin Inna, ta cinye turmi, na tabbata da na taɓa yin dogon barci a ƙasa da ta haɗa da ni, amma in ta iso gindin ƙyauren nan sai ta juya kamar ta hango mai karɓar haraji. Baƙi sukan tsaya su shafa shi, su tambayi wanda ya yi aikin. Nakan ce yayana ne, in jefa musu wani abin dariya, in ja su ciki da sauri, don kada su leƙa bayan gida su ga turaku a tsaye babu ko igiya, su tambayi wannan kuma.

Mu manoma ne, amma tun kakannin kakanni ba a san gidanmu babu shanu ba. Ba garke ba ne irin na Fulani da ke tare hanya, 'yan kaɗan ne, sai dai duk jini ɗaya ne. Akwai wata tsohuwar farar saniya mai faɗin goshi, jikar karsanar da kakarmu ta zo da ita gidan, sauran kuwa duk 'ya'yanta ne da jikokinta. Takinsu ne ke riƙe gonar geronmu, nononsu ne a furar Inna. Baba ba shi da wani abu da yake cewa zai bar mana in ba su ba. Da asuba in ya dawo masallaci su yake fara gaisarwa, ɗaya bayan ɗaya, ya tambaye su kwana, ya duba kunne ya duba kofato. Mu 'ya'yansa in mun samu ɗaga gira mun gode Allah. Na sha gaya wa abokaina cewa da za a ba ni zaɓi, a maraƙi zan zo gidan nan.

Yaya shi ne ɗan fari, don haka Baba ba ya kiran sunansa, ba ya ma yi masa magana kai tsaye. Ko suna zaune a tabarma ɗaya, ni ake juyowa a ce wa, gaya ma wancan kaza. Ni kuma in juya in gaya wa wancan, wanda ya riga ya ji da kunnensa. Wannan kunya ce ta al'ada, kowa ya san ta. Amma a ƙarƙashinta akwai wani abu kuma. Yaya ya tafi cin rani Sakkwato, ya maƙale wa wani kafinta, damina ta zo bai dawo ba, wata ta zo bai dawo ba. Baba bai taɓa cewa komai ba, sai dai in an ambaci sana'ar sai ya tashi ya ce zai duba shanu.

Lokacin nan an samu 'yancin kai ba da daɗewa ba, ƙasa duk ta haukace da kore da fari. A kasuwar Tambuwal in ka daɗe a tsaye wuri ɗaya sai ka ji an fara shafa maka fenti a ƙafa. Kowane mai buroshi ya zama gwani, a lafta wa katako fenti da dattinsa da danshinsa, ruwan farko ya sauka ya ɗaye kamar fatar maciji. Yaya ya dawo Tambuwal yana aikin ƙofofi da tagogin sababbin kantuna, kuma ba abin da ya tsana kamar irin wannan aiki. In ya wuce tagar da ta ɗaye sai ya kau da kai kamar ya ga tsiraici.

Da bazarar shekarar da ta biyo, ya iso gida da wani tsohon ƙyauren katako a kan jaki, da gwangwanaye a bayan keke. Ya saye shi hannun wani attajiri da ya canza ƙofa. Zaurenmu a lokacin ƙyauren kara ne da shi, wanda in akuya ta yi atishawa sai ya faɗi. Ya ce zai gyara wannan ya rataya kafin ruwa ya sauka. Ina da aure sabo a lokacin, aikin gona bai taso ba, sai na zama mai riƙe masa da mai ba shi dariya, ko da yake dariyar ba ta cika samuwa ba.

Ni na ɗauka aikin yini ne. Ashe fenti shi ne ƙarshen abin da mai fenti yake taɓawa. Da farko ya jiƙa kanwa a kwatanniya ta yi kauri, ya shafe tsohon shuɗin fentin da ke jikin ƙyauren da ita. Kafin mu gama cin tuwo fentin ya yi laushi kamar saman kunu, ya sa wuƙa yana kwashewa. Ya ce mini ba abin da ke cin fenti kamar kanwa. Ya ɗauraye, ya jingine shi a inuwa, ya ce a bar shi ya bushe har cikin zuciyarsa, don in ka rufe danshi a ƙarƙashin fenti ka gina masa ɗaki ne, daga ciki zai ruɓar da icen. Muka jira har na fara tunanin ko jikokina ne za su ga an rataya shi. Sannan ya kama guga da samfefa, ya bi tsawon icen ba ya gicciyewa, ya goga har sauro in ya sauka sai ya zame. Duk inda rana ta tsaga ya cusa ƙullin alli da man fenti, ya danna da babban yatsa.

Bayan wannan ne ya buɗe wani ɗan gwangwani. Ya ce in ɗauka. Na sa hannu ɗaya na ga kamar an kafe shi a ƙasa. Jan fenti ne mai kauri, jan da ya yi kusa da ruwan goro. Ya ce nauyin na dalma ne da ke ciki, ita ce ke hana ruwa shiga, ita gara ke tsoro, kuma duk fentin da ba a shimfiɗa masa wannan a ƙasa ba kwalliya ce kawai. Da sanyin safiya yake shafawa, in rana ta yi zafi ya aje, wai tana dafa fenti ya yi bororo. Ya kwantar da ƙyauren ya cika bakinsa na ƙasa da na sama, inda ba idon da zai taɓa gani. Na ce masa wa kake yi wa ado a nan, tururuwa? Ya ce ice ta ƙafa yake shan ruwa, kamar yadda yake sha yana tsaye a daji. Da jan ya bushe ya bi shi da kore, siriri-siriri, in wani ya bushe ya ƙara wani.

Duk wannan Baba yana wucewa kamar bai gani ba. Ranar da aka rataya, unguwa ta taru. Da mutane suka watse Baba ya zo da butarsa, ya tsaya, ya watsa wa ƙyauren ruwa. Ruwan ya dunƙule ya gangara, bai bar ko alama ba. Ya sake watsawa. Sai ya zagaya bayan gida, ya daɗe, ya dawo ya zauna kusa da ni, Yaya yana gefe yana wanke buroshi da kananzir.

A bayan gida akwai komin shanu, gungumen ice ne da kakanmu ya fafe. A ciki suke shan ruwa, a ciki ake jiƙa musu kanwa. Rana ta tsattsage shi, kullum sai na cusa tsumma a tsagar kafin in zuba ruwa, rabin abin da na ɗebo a rijiya ƙasa ke sha.

Baba ya ce mini, "Gaya ma wancan, in da sauran abin nan nashi, shi yi ma komi. Mu munka samu, su ba su samu ba, bai yi daidai ba."

Na juya zan isar da saƙo, na ga ba sai na yi ba. Yaya ya sunkuyar da kai a kan buroshinsa, kunnuwansa har rawa suke yi. Tun da ya kama sana'ar nan, ranar ce ta farko da Baba ya nemi wani abu daga cikinta, kuma ba don kansa ba, don abin da ya fi so a duniya.

Abin da ya yi wa komin nan ko gadon amarya ba a yi wa. Ya kankare, ya shanya, ya goga, ya cike kowace tsaga, ya zuba masa jan fenti ciki da waje, shafi kan shafi, har ya ƙarar da gwangwani ya buɗe wani. Koren ya riga ya ƙare a ƙyaure, sai aka bar shi ja. Ya ce kada a zuba ruwa sai ya bushe sarai, ya hau kekensa ya tafi Kebbe inda ake jiransa da wasu tagogi. Maganar kanwa ba ta zo masa ba. Ya daɗe rabonsa da shanu, shi a ganinsa mazubin ruwa ya gyara.

Da ya bushe muka mai da shi wurinsa. Bai zubar da ko ɗigo ba. Ranar ba da kanwa ta zo, Baba ya jiƙa ta a ciki kamar yadda ubansa yake yi. Da muka dawo ruwan ya yi ja. Ni abin da ya dame ni shi ne faɗan da Yaya zai yi in ya ga an taɓa masa aiki. Baba kuwa murna ya yi, ya ce dubi, farar kanwa ta koma kamar jar kanwa, wadda ta fi kowace kyau ga dabba. Shanun suka sha kamar ba su taɓa ganin ruwa ba. Ruwa ya ƙare ba su tashi ba, suka kama lasar komin. Bazara ce, ciyawa ta ƙare, sai kara da 'yar harawa, dabba tana neman abin da za ta sa wa harshe. Tun daga zaure kana jin ƙarar harsunansu kamar ana gugar katako. Baba ya riƙa kiran maƙwabta su zo su gani. Na ji shi da kunnena yana ce wa limamin unguwa aikin yaron nan ne.

Ƙaramin maraƙi ne ya fara. Na je da safe na tarar yana cizon haƙora, miyau yana zuba. Na kwance shi ya tafi kai tsaye ya daki katanga. Idonsa a buɗe, garau, amma ba ya gani. Ya yi ta zagaya turke yana wani kuka da ban taɓa jin maraƙi ya yi ba, ya faɗi yana shure-shure, kafin in kawo wuƙa ya zama mushe. Washegari 'yar'uwarsa ta kama.

Aka shiga lalube. Wani ya ce cutar bushiya ce, amma an yi musu allurarta, ga tsagar a kunnensu. Wani ya ce maciji. Inna ta ce baki ne, tunda an yi ta kiran mutane suna kallo. Wani dattijon Bafulatani, abokin Baba da ke sauka a fadamarmu duk rani, ya zo ya buɗe bakin wata karsana, ya duba idonta, ya ce shi bai san wannan ba. Kafin la'asar ya tashi rugarsa ya yi kudu, kuma ban ga laifinsa ba.

Baba ya yi duk abin da mai shanu yake yi. Ya karɓo rubutu, aka wanke, aka zuba musu a komi. Ya haƙo saiwoyi, aka jiƙa a komi. Ya ce cikinsu ne ya ƙulle, ba abin da ke wanke cikin saniya kamar kanwa, aka ƙara kanwa, a komi. Wadda ta kasa tashi sai ya ɗebo a ƙwarya ya ɗaga kanta a cinyarsa ya ɗura mata, yana yi mata magana a hankali. Na taɓa ganin mutum yana jinyar ɗansa, ban ga wanda ya kai Baba a kwanakin nan ba. Ya daina zuwa fira, ya daina cin abinci sai Inna ta tsaya a kansa. Wata saniya da muka samu yankawa kafin ta cika, muka aika wa maƙwabta nama, aka dawo mana da shi a rufe.

Na hau keken aro na tafi Tambuwal neman malamin dabbobi. Aka ce yana rangadi, na bar saƙo. Na aika wa Yaya ta bakin masu zuwa kasuwar Kebbe. Yaya ne ya riga isowa. Ya tsaya a bayan gida ya ga abin da ya rage, ga tsohuwar farar saniya ta kafa goshinta a katanga tana turawa kamar za ta shige ciki. Sai idonsa ya faɗa kan komi. Cikinsa ya koma ice tsirara, sumul, ja sai a baki-baki. Na ga fuskarsa ta canza. A duk garuruwan da ya yi aiki fentinsa bai taɓa tashi ba, sai a gidan ubansa, a abu ɗaya da uban ya roƙa. Bai iya jinyar saniya ba, bai san saiwa ba. Abu ɗaya ya iya. Ya jawo komin zuwa inuwar zaure, ya goge, ya buɗe sabon gwangwani.

Yana cikin shafawa malamin dabbobi ya iso, wani saurayi mai gajeren wandon kaki, ya jiƙe da gumi. Ya gai da Baba da ladabi, ya zagaya, ya kaɗa hannu a gaban idon shanun ba su ƙifta ba. Ya tambayi abin da suke ci, da rijiyar da ake ɗebo musu ruwa. Da zai wanke hannu ya dawo ta zaure ya tsaya a kan Yaya. Ya sunkuya ya ɗaga gwangwanin, ya auna nauyinsa a hannu, ya aje a hankali.

Ya ce, "Malam, wannan na mene ne?"

Yaya ya ce na shan ruwansu ne, fentin ne ya tashi yake mayarwa.

"Da ma akwai shi a ciki? Ina ya tafi?"

Ni da ake cewa bakina ba ya rufuwa ko a jana'iza, na tsaya ina kallon buroshin yana ɗiga a ƙasa.

Malamin ya yi bayani da murya ƙasa-ƙasa, yana duban Baba. Ya ce dalmar da ke cikin jan fenti guba ce, kuma tana da ɗan zaƙi a harshen saniya, shi ya sa ba sa barinta. An koya musu a makaranta, amma bai taɓa gani da ido ba sai ranar. Ya ce zai ba da wani farin gishiri mai sa zawo, a ɗura wa waɗanda ke gani tukuna, ko Allah zai sa a dace. Wadda ta makance kuwa kada a sa rai. Kada a sha nonon, kada a ci naman, komin a haƙa rami mai zurfi a binne.

Baba ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "To kanwar da nika ƙara musu fa? Ba ta rage ba?"

Malamin ya buɗe baki, amma Yaya ya riga shi. Bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Baba, ita ke narka shi."

Na jira Baba ya juyo gare ni ya ce gaya ma wancan. Bai juyo ba. Ya dubi Yaya kai tsaye, abin da ban taɓa gani ba tun da na yi wayo, ya ce, "Kai ka yi abin da na ce ka yi. Aje buroshin." Ya tashi ya koma bayan gida.

Gishirin bai ceci ko ɗaya ba. Tsohuwar ce ta ƙarshe. Ita ke ture kowa ta fara sha, amma ita ta fi daɗewa, don ƙashinta mai ƙarfi ne. Ba ta gani, ba ta ci, sai in Baba ya yi magana ta juyo da kunne. Ya zauna da ita har ya ga wahalar ta isa, ya ce in riƙe masa ƙaho. Ya yi bisimilla ya yanka, naman da ya san ba mai ci. Muka binne ta rami ɗaya da komin kakanmu.

Abin da ya tsira takarkari ne guda, wanda aka ba wani ɗan'uwanmu aro yana jigilar gero zuwa Jabo. Ya dawo da ƙibarsa yana tauna. Na ce wa Inna, ga magajin gida ya iso, duk zuriyar kakarmu ta tattaru a kan wanda aka dandaƙe tun yana ƙarami. Ba ta yi dariya ba. Ni ma da na ji maganar a kunnena ban so ta ba.

Baba bai sake sayen saniya ba. An ba shi shawara, har abokinsa Bafulatani ya aiko cewa zai ba shi karsana riƙo, ya ce a gode masa. Wai ba saniya ya rasa ba, waɗancan ya rasa. Gonar da ba taki ta fara ja da baya, rumbun da muke cikawa har mu nemi aron wani ya koma muna leƙa shi da tsoro tun kafin shuka. Inna ta so a cire ƙyauren a mai da na kara. Baba ya hana, ya ce ƙyaure bai yi wa kowa komai ba. Amma na lura har ya bar duniya bai sake tura shi da tafin hannu ba, da gwiwar hannu yake buɗewa. Turakun ma ya hana a tumɓuke. In ya dawo masallaci da asuba yakan zagaya ta can ya ɗan tsaya, sannan ya shigo.

Yaya ya koma Kebbe ya ƙarasa tagogin mutane, don ya riga ya karɓi aikin. Daga nan ya wuce Sakkwato, daga can ya ƙara gaba. Yana aiko da saƙo da tufafin salla, amma ƙafarsa ba ta sake taka Fakku ba sai da aka aika masa Baba ya rasu. Ba wanda ya kore shi. Da Baba ya zage shi ranar nan, ina jin da ya zauna.

Bayan an yi sadakar uku, mutane sun ragu, na fito na same shi tsugune a bakin zaure. Ya tura hannu ƙarƙashin ƙyauren yana shafa bakinsa na ƙasa, inda na taɓa yi masa ba'a. Ya fito da yatsunsa ya duba. Ya ce mini, "Bai sha ruwa ba."

Na tsaya ina neman abin da zan ce ya yi dariya. Har ya miƙe ya karkaɗe gwiwarsa ban samo ba.